Vernin kafintoci da audugar harsashi: abu ɗaya ne?

Kafinta_Zango: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana. Vernin da muke fesa wa gadaje da kujeru, wanda ake rubuta "cellulosique" a jikin gwangwaninsa, na Kano kuma wani lokaci "NC" kawai ke jiki, an ce mini wai da audugar da ake yin harsashi da ita aka haɗa shi. Wanda ya faɗa mini ya dage ƙwarai, har yana cewa duk mai gwangwani goma a shago da bam yake kwana. Na san yana kama wuta, wannan ba baƙon abu ba ne ga kafinta. Amma harsashi? Shagona a jikin gidan mutane yake, akwai yara. In gaskiya ne ina so in sani.

ƊanMirya: Wa alaikumus salam. Zancen majalisa ne kawai. Da haka ne da Kasuwar Dole ta daɗe da tashi sama.

Malamin_Kimiyya: Ba zancen majalisa ba ne gaba ɗaya, ɗan'uwa ƊanMirya. Mai maganar ya kama bakin zaren, sai dai ya ja shi ya wuce inda ya kamata.

Abin da ke cikin vernin sunansa nitiroselulos. Asalinsa selulos ne, wato zaren da Allah ya gina jikin tsirrai da shi. Kamfanoni suna samo shi daga ɓargon itace ko daga gajeren gashin nan da ke saura a jikin angurya bayan an gurje auduga. A masana'anta ana sarrafa shi da asid masu ƙarfi, sai azot, wato naitirojin, ya shiga jikin zaren tare da iskar oksijin. Zaren selulos doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari, kowace ƙwaya tana da gurbi uku da za a iya cikewa. In an cike ukun duka, azot ya kai kashi 14.14 cikin ɗari na nauyin abin, iyakarsa ke nan. Audugar harsashi tana daga kashi 13 zuwa sama. Ta verni da fenti da tawada tana tsakanin kashi 10.7 da 12 da ɗoriya, wato kusan gurbi biyu cikin uku aka cike. A dokokin jigilar kaya masu haɗari na duniya, kashi 12.6 ne aka ɗauka a matsayin iyaka.

Kamar tuwo ne da kunu, Malam kafinta. Gero ɗaya, amma ba abinci ɗaya ba. Gwangwaninka ba bam ba ne. Amma kada ka ji na faɗi haka ka saki jiki, akwai saura.

Kafinta_Zango: Allah ya gafarta Malam, na gode. To kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ne zai kawo wannan bambanci haka? A wurinmu kashi ɗaya ba a ma lissafa shi.

Malamin_Kimiyya: Yana kawowa, ta hanya biyu. Ta farko, duk azot ɗin da ya shiga da oksijin ɗinsa yake shiga. In ya yi yawa, abin yana ɗauke da kusan duk iskar da yake buƙata don ya ƙone kansa nan take. In ya yi ƙasa, ƙunar tana nan amma ba ta kai waccan ba. Ta biyu ita ce ta shafe ku: narkewa. Mai ƙarancin azot yana narkewa sumul a cikin aseton da dangin asetat, mafi ƙanƙantar ma har a cikin alkol. Shi ya sa ake iya mayar da shi ruwa, a fesa, ruwan ya tashi, ya bar wata siririyar fata mai ƙyalli a kan katako. Na katako yawanci yana wajen kashi 11.8 zuwa 12.2. Wanda ke narkewa a alkol, mai kusan kashi 11, shi masu tawadar buga leda da kwalin kayan abinci suka fi nema.

Hajiya_Birni: Ni abin da ya tsayar da ni a nan shi ne ƙanwata ta taɓa karanta mini bayan kwalbar jan farce, kuma wannan sunan ne a ciki. Malam, kana nufin abin da ƴan mata ke shafawa a yatsa shi ne na gadon kafinta?

Malamin_Kimiyya: Shi ne, Hajiya. A mafi yawan jan farce shi ne ke bushewa ya zama fatar nan, sai a ƙara launi da abin da ke sa ta laushi don kada ta tsattsage. Ki lura aseton ke goge jan farce, shi ne kuma yake narkar da vernin kafinta.

Hajiya_Birni: To ni dai lallena ya ishe ni. Amma zan gaya wa yara su daina shafa shi suna zaune kusa da murhu, don na sha ganinsu kwalba a buɗe gawayi na ci a gefe.

MaiFentinMota_SabonGari: Hajiya ta taɓo ainihin wurin. A sana'armu ba busasshen fenti ne ke fara cin mutum ba, tururin diliwan ne, wato ruwan da ake tsinka fenti da verni da shi. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya tafi har inda wuta take ba ka gani ba. A wani gareji da na yi aiki ina yaro, ana fesa ƙofar mota a ciki, mai shayi yana bakin ƙofa da ɗan murhunsa, tsakaninsu ya kai taku goma. Sai muka ga wata shuɗiyar wuta ta kwanto a ƙasa ta nufo mu, kafin a ce kwabo ta kama tsumman da ke ƙarƙashin teburi. Da yashi aka kashe ta. Tun ranar maigidanmu ya hana shayi da taba a ko'ina kusa da wurin feshi, kuma ni ma haka nake yi a nawa. Kafinta_Zango, in akwai murhun girki a bayan bangon shagonka, kuma akwai taga ko rami a ƙasan bangon, wannan ya fi zancen harsashi zama abin tsoro.

ƊanMirya: To ai maganata ce ta fito. Diliwan ne matsalar. Shi nitiro ɗin tunda mai ƙarancin azot ne ba ruwansa.

Ɗalibi_AndreSalifou: A'a yaya, a nan ban bi ka ba. Ka nemi labarin Tianjin ta ƙasar Sin, ranar 12 ga Agusta 2015. Mutum 173 suka mutu a tashar jirgin ruwa. Binciken hukuma ya ce daga kwantenar nitiroselulos wutar ta tashi: ruwan da aka jiƙa shi da shi ya ƙafe saboda zafi, ya bushe, ya yi zafi da kansa ya kama, daga nan wutar ta kai ga amoniyom nitirat, wani sinadari mai fashewa, da ke ajiye kusa. Shi ya sa ba a sayar da ɗanyensa a bushe. Ana jiƙa shi da alkol ko ruwa, aƙalla kashi 25 cikin ɗari, kafin a ɗora a mota ko jirgi. Da ba ruwansa da ba a sha wannan wahala ba.

Malamin_Kimiyya: Madalla da ɗalibi. Wannan ce sauran da na ce akwai. Busasshensa, ko da mai ƙarancin azot ne, yana cin wuta da gaggawa, kuma rufe shi da bargo ba ya kashe shi kamar sauran wuta, tunda da iskarsa a jikinsa. Hayaƙinsa kuma guba ne. Ku kafintoci ba ɗanyen kuke saya ba, amma kuna tara busasshen ba ku sani ba. Ƙurar feshin nan da ke daskarewa a bango, a jikin fanka, a ƙasan teburi, shekara da shekaru, ita ce shi. A riƙa kankare ta tana ƴar kaɗan, a jiƙa da ruwa kafin a kankare, kada a sa ƙarfen da zai ba da tartsatsi. Kada kuma a haɗa ta kwando ɗaya da tsumman da ya sha fentin mai ko man katako, don irin wannan tsumma yana yin zafi da kansa in an cure shi.

Baba_MaiHoto: Ku ba tsoho hanya. Na yi sana'ar hoto tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu. Ina da akwati cike da negatif na bikin sallah da hawan Sarkin Damagaram, na wajen shekarun 1980. Kwanan baya na buɗe, wari kamar binegar ya buge ni, wasu sun nannaɗe sun yi kumburi. An taɓa gaya mana fim ɗin da irin wannan auduga ake yin shi. Yanzu in fitar da akwatin daga ɗaki ke nan?

Malamin_Kimiyya: Baba, kwantar da hankalinka. Fim mai nitirat, wato na nitiroselulos, an daina yin shi tun farkon shekarun 1950, Kodak ta bar shi wajen 1951. Naka na 1980 asetat ne, kuma warin binegar ɗin shi ne shaidarsa, haka yake lalacewa in zafi da laima sun same shi. Ba ya tashi da kansa. Ka duba gefen fim ɗin, sau da yawa za ka ga an rubuta SAFETY da ƙananan baƙaƙe. Wanda aka rubuta wa NITRATE shi ne abin gudu. Amma Baba, waɗannan hotuna dukiya ce. Ka ware masu warin daga masu lafiya, don suna harbin juna, ka sa a ɗauke su a kwamfuta tun ba su tafi ba.

Ɗalibi_AndreSalifou: Baba in ka yarda ni da abokaina za mu zo mu taya ka. Hawan sallah na wancan lokaci ba kowa ke da shi ba.

Kuma maganar da aka gaya maka tana da tushe. Tun 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da hanyar shafa wa gilashi wannan sinadari narkakke, wanda ake kira kolodiyon, a ɗauki hoto tun yana jiƙe. Daga baya fim ɗin silima duka da shi aka yi, har na hoton ƙashi a asibiti. A 1929 fina-finan hoton ƙashi suka kama wuta a wani asibiti a Cleveland ta Amurka, mutum 123 suka rasu, yawancinsu hayaƙin ne ya kashe su.

Baba_MaiHoto: Allah ya yi maka albarka ɗana. Na duba guda biyu da tabarau, SAFETY ɗin na nan. Ku zo bayan la'asar duk ranar da kuka samu sarari.

Inna_Likita: Tunda an shigo asibiti bari in sa baki. Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda muke cewa TDR, ya ga wannan abu da idonsa. In ka fasa ƴar robar, akwai wata farar takarda siririya a ciki. Ba takarda ba ce, nitiroselulos ne mai ƙananan ramuka. Muna ɗiga jini, mu ɗiga ruwan gwajin, sai ka ga danshi ya fara rarrafawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ja-ja da farko, sannan ya washe, layi ya fito. An zaɓe shi ne don yana riƙe sinadaran gano cutar gam a daidai inda aka zana su. Gwajin ciki ma haka yake, da na korona. A damina, lokacin da yara ke cika mana ɗaki da zazzaɓi, a kan wannan ɗan zirin muke dogara kafin mu ba da magani. Don haka in ana zancen harsashi a tuna da wannan ma.

Akwai kuma kolodiyon ɗin da ɗalibi ya ambata. Tun wajen 1847 likitoci suka fara rufe ƙananan raunuka da shi, kuma har yau wasu magungunan da ake ɗigawa a kan tusar jaki da taurin tafin ƙafa a cikinsa ake narka su.

GarinMalam227: Malam tunda auduga ce kawai da asid, ba za a iya haɗawa a nan gida ba? Komai sai an kawo mana daga waje, ga tsada, ga wahalar iyaka.

Malamin_Kimiyya: A'a ƙanena, wannan ba aikin gida ba ne, kuma ba zan yi bayaninsa ba. Wani masanin kimiyya, Schönbein, ya gano audugar harsashi a 1846 a Basel, shekara ɗaya bayan haka masana'antar farko da aka kafa a Faversham ta Ingila ta tarwatse da ma'aikatanta. Sai da aka ɗauki kusan shekara ashirin kafin wani masanin, Frederick Abel, ya gano cewa ragowar asid da ke maƙale cikin zaren ce ke sa shi ruɓewa ya kama da kansa. Manyan kamfanoni masu injiniyoyi ma da taka-tsantsan suke yi. In kana son sana'a a wannan fanni, koyon haɗa fenti da feshi mai kyau ya fi kusa da hannu.

Kafinta_Zango: Na ji duka, kuma yau da safe na duba bayan fankata, ƙurar ta yi kauri sosai. To tunda masana sun hallara, ga wata. Me ya sa a watan Agusta in na fesa da yamma sai katakon ya yi fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai? Allon kan gado ne, na goge da samfefa ya yi santsi, na fesa shafi na farko ya fito ja mai kyau, ina tsaye ina kallo sai fari ya fara daga gefe yana shigowa tsakiya. A rani ban taɓa ganin haka ba.

MaiFentinMota_SabonGari: Laima ce, maigida. Diliwan in yana tashi da sauri sanyaya wurin yake yi, ka taɓa gwangwanin pistole, bindigar feshin, ka ji. Sai ruwan da ke cikin iskar damina ya sauka a kan vernin tun bai bushe ba, ya maƙale a ciki. Ka fesa da hantsi in rana ta ɗaga, ban da bayan ruwan sama, ka tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa, kuma ka nemi diliwan mai jinkirin bushewa. Wanda ya riga ya yi fari ba sai ka kankare ba. Ka bi shi da siririn feshi na diliwan mai kyau, zai narke ya saki ruwan ya koma daidai. Wannan ce falalar selulozik da babu a sauran: sabon shafi yana narkar da tsoho su zama ɗaya.

A hunturu kuma matsalar ta juya. Iska ta bushe ƙarau, feshin yana bushewa tun bai isa katako ba, sai ya sauka kamar gari, ga ƙura.

ƊanMirya: Mu a nan in diliwan ya yi tsada esansi, wato fetur, muke ɗan ƙarawa, na kwalba na bakin hanya. Yana tafiya.

MaiFentinMota_SabonGari: Don Allah ka bari. Esansi ba ya narkar da shi. Ka zuba kaɗan ya haƙura, ka ƙara sai ya guntse ya yi gudaji ya toshe pistole, ƙyallin kuma ya mutu. Mai gadon ne zai gani bayan wata biyu.

Malamin_Kimiyya: Gaskiyar mai fenti ce. A cikin diliwan akwai masu narkarwa na ainihi, su aseton da asetat, akwai kuma masu ƙara yawa kawai, irin su toluwen. In na biyun suka rinjayi na farko, nitiroselulos ɗin sai ya fita daga ruwan. Toluwen ɗin nan kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa in ana shaƙarsa kullum. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ƙura kawai yake tarewa, tururi wucewa yake.

Inna_Likita: A kan wannan ina roƙon masu shago, ku san yaran da kuke aika sayen diliwan, ku kuma kulle shi da dare. Muna ganin samarin da shaƙe-shaƙe ya lalata, wasu daga wurin koyon sana'a suka fara.

Baduku_Birni: Mu dukawa a da ba mu san wannan ba. Jar fatar akuya in an jeme ta aka rina da karan dafi, mai ake shafa mata a goge har ta yi sheƙi, kuma tana numfashi. Yanzu masu saye sun saba da ƙyallin jakunkunan kanti, sai wasu yaranmu suka fara fesa vernin kafinta a kan fata. Sati biyu, wurin lanƙwasa ya tsage. Malam, an ce kamfanonin takalma ma da shi suke rufe fata, to me ya sa nasu ba ya tsagewa?

Malamin_Kimiyya: Suna amfani da shi, ranka ya daɗe, amma haɗin daban ne. Shi kaɗai in ya bushe tauri gare shi, ba ya lanƙwasuwa. Na fata ana ƙara masa mai tausasawa da yawa, a fesa shi siriri ƙwarai. Na katako an yi shi ne don abin da ba ya motsi. Tun farko ma da wannan aka yi fama: John Wesley Hyatt a Amurka, wajen 1870, da kafur ya haɗa shi ya samu seluloyid, robar farko da ta yi kasuwa, aka riƙa yin mataji da maɓalli da ita a madadin hauren giwa. Ƙwallon tebur ma da ita ake yi har 2014 da aka sauya.

Kabiru_Meubles: Ni fa ina ganin duk mun kauce. Tambayar da ta dace ita ce, me ya sa har yanzu muke fama da selulozik a gari mai rana irin Zinder? Ƙofar da ke kallon yamma in ka fesa mata shi, kafin shekara ta zagayo ta yi rawaya ta tsattsage. A dora kofin shayi mai zafi a teburi, zobe ya fito. Turare ya zuba, ya ci wurin. Ni na koma wani irin verni, poliyuretan, kuma ban ga abin da na rasa ba.

MaiFentinMota_SabonGari: A waje kana da gaskiya, rana tana cinye shi. Motoci ma ai sun bar shi, duk da cewa shi ne ya fara ceton masu ƙera mota: kafin kamfanin DuPont ya fito da fentinsa na nitiro mai suna Duco a 1923, fentin mota makonni yake ɗauka kafin ya bushe. Amma kayan ɗaki fa? Minti kaɗan ƙura ta daina kama shi, a garin da ƙura ba ta hutawa. In ya ƙarce, a gyara wurin kaɗai. Poliyuretan in ya lalace sai ka kankare duka, kuma mai haɗi biyun nan abin da ke cikinsa ya fi cutar da huhu in babu abin rufe fuska na gaske. Har yau kamfanin Gibson da nitiro yake fesa gitocinsa.

Kabiru_Meubles: Gita a cikin akwati take kwana, yaya. Gadon amarya kuwa a bayan a-kori-kura ake zagaya gari da shi da tsakar rana.

Kafinta_Zango: Kuɗin ma abin dubawa ne, Malam Kabiru. Uban amarya yana zuwa da abin da ya tara, ya ce gado da kabad cikin kwana kaɗan. Ban ga yadda zan bar selulozik ba a yanzu. Abin da zan yi, gwangwanayen zan fitar daga ƙarƙashin kwanon rufi, don a watan Afrilu wurin ba ya taɓuwa da hannu, in gina musu ɗan ɗaki na ƙasa a inuwa nesa da bangon maƙwabta. Wurin feshi kuma in mayar da shi ta gefen fili.

ƊanMirya: Ni har yanzu ban gamsu cewa ƙurar bango za ta iya kamawa ita kaɗai ba wuta ba. Ta Tianjin kwantena ce guda, tamu ƴar kaɗan ce.

Ɗalibi_AndreSalifou: Ba sai ta kama ita kaɗai ba, yaya. Wayar fanka ɗaya ta yi tartsatsi ya isa. Kuma wani abin da ba a ambata ba: gangunan diliwan da aka juye, waɗanda masu walda ke yankawa su yi murhu ko ƙofa. Wofi ake ganinsu, tururi na ciki.

MaiFentinMota_SabonGari: Wannan haka yake, a cika ganga da ruwa kafin wuta ta kusance ta. Baduku_Birni, ina da ragowar abin tausasawa da muke sa wa fentin bamba ta roba. Ban gwada shi a fata ba. Ka aiko yaro da guntun jar fata guda biyu gobe, mu fesa ɗaya da shi ɗaya babu, mu lanƙwasa mu gani.